Atishawar Da Ban Amsa Ba

Ranar Talata ce. An tashi da sanyi, irin na Jos mai shiga ƙashi. Mijina Malam ya dawo daga masallaci wajen ƙarfe shida saura. Na ji ƙarar silifas ɗinsa a tsakar gida, na ji ya gaisa da Oga Emeka, mai gidan da muke haya, yana ɗumama motarsa. Sannan ya ɗaga labulen ɗakinmu ya yi atishawa.

Kullum haka yake. Iskar safe na bugunsa sai atishawa, mai ƙarfi, har kajin tsakar gida su watse. Zai ce, "Alhamdulillahi," ya tsaya a bakin ƙofa yana jira. Ba zai shigo ba sai na ce, "Yarhamukallah." In na yi banza da shi don tsokana, sai ya ce, "Rabi, ina jira fa. Ko in je maƙwabta a amsa mini?" Ranar ina hura gawayi, hayaƙi ya cika mini ido. Na amsa masa ko ɗagowa ban yi ba. Ya shigo, na zuba masa koko.

Sunansa Idirisu. Ban taɓa kiran sunan a gabansa ba, Malam nake ce masa. Ba malamin kowa ba ne, dillalin tumatir ne a kasuwar Farin Gada. Ni kuma ina saƙa rigunan sanyi na yara da inji a cikin ɗaki. 'Yarmu Ummi tana goyo, ko rarrafe ba ta fara ba. Gidan yana bayan kasuwa, kuma a layinmu mu kaɗai ne Musulmin da suka rage. Yayana Sabo da ke unguwar Gangare ya yi magana har ya gaji, mu tashi mu dawo cikin 'yan'uwa. Malam sai ya yi dariya ya ce, "Allah na ko'ina, Yaya. Wanda ke Gangare shi ne a nan." Na riƙe wannan maganar tasa har yau, kuma ba don ta yi mini daɗi ba.

Bai fita da wuri ba ranar, don motocin kaya ba su iso ba. Yana zaune a kan tabarma yana yi wa Ummi wasa.

Ƙarfe takwas da rabi na fara jin ƙofofin shaguna. Ana jan su ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, tun daga bakin titi har layinmu. Sai 'yan acaɓa suka fara wucewa a guje, duk hanya ɗaya suka nufa, babu mai ɗauke da fasinja. Ƙarfe tara aka yi harbin farko. Sabo ya kira wayar Malam, ya ce kada mu fito, layin ya yanke. Ba mu sake samun sa ba.

Ƙarfe goma saura ƙararrawar coci ta fara kaɗawa, alhali ba Lahadi ba ce. Can nesa kuma lasifikar wani masallaci tana kiran salla, alhali ba lokacin salla ba ne. Su biyun na ji a lokaci ɗaya. Hayaƙi ya tashi ta wajen kasuwa, baƙi ƙirin. Malam ya kashe rediyo, ya sa wa ƙofa sakata.

Mama Chidi ce ta buga ƙofar, matar Oga Emeka. Inyamura ce, ta fi ni daɗewa a Jos, amma Hausarta ba ta raba mace da namiji. Ta shigo ba sallama, tana haki.

"Rabi, tashi! Suna shiga gida gida. Cire wannan hijabi naka, maza!"

Ta jefa mini doguwar rigarta ta zuwa coci. Ta ɗaura mini ɗankwali irin ɗaurinsu, kunnuwa da wuya a waje. Tun da na girma namijin da ba muharramina ba bai ga wuyana ba. Oga Emeka ya kawo wa Malam wandon jins da riga mai gajeren hannu. Ya ce zai sa mu a bayan a-kori-kurarsa cikin kwalayen kaya, ya kai mu inda zai iya. Ya ce in an tambaya, Malam yaron motarsa ne, sunansa Bitrus. Ni sunana Rifkatu, ƙanwar Mama Chidi ta coci.

Sai ya tsaya yana kallon fuskar Malam. Akwai tabon sujada a goshinsa, baƙi, kamar an ɗiga masa tawada. Oga Emeka ya girgiza kai ya ce, "Wannan goshi zai kashe mu duka." Ya koma ɗaki ya fito da hular hana-salla, mai baki a gaba. Malam ya jujjuya ta a hannu. Duk rayuwarsa yana yi wa samarin kasuwa faɗa a kan irin wannan hular. Ya kifa ta a kai, ya ja bakinta har gira, ya kalle ni ya ce, "Yau ni ne da hana-salla." Ban yi dariya ba. Na bar injin saƙata da rigar wani yaro a kai, saura hannu ɗaya.

Mun fita ƙarfe goma da kwata. Oga Emeka na tuƙi. Ni da Mama Chidi muna zaune a baya, Ummi a cinyata. Malam yana tsaye a bayan kan motar, ya riƙe ƙarfe kamar yadda yaran mota ke yi.

Shingen farko na kusa da gida, kuma sun san Oga Emeka. Suka ɗaga hannu, muka wuce. Gidan mai wankin hula da ke kwana yana ci da wuta. Ban ga kowa a ƙofar ba, sai takalmin yaro ƙafa ɗaya.

Shinge na biyu yana kan babban titi. Sun gicciye gungumen icce, sun kunna tayoyi a gefe biyu. Samari ne da yawa, da adduna da gorori, wasu sun shafa gawayi a fuska. Ban san ko ɗaya ba.

"Tsaya! Kashe mota!"

Wani dogo ya zagayo baya. Ya leƙa kwalayen. Ya nuna ni da adda.

"Suna?"

"Rifkatu."

"Kai fa?"

"Bitrus."

Muryar Malam ba ta yi rawa ba. Mama Chidi ta fara yi musu surutu da Turanci, tana kiran sunan cocinsu. Dogon ya buga jikin motar da tafin hannu sau biyu. Na ji an fara jan gungumen a kan kwalta. Oga Emeka ya tayar da mota. Mun wuce ke nan, wallahi mun wuce.

Sai iska ta juya. Hayaƙin taya ya taho mana gaba ɗaya. Na ga hancin Malam ya motsa. Na riga shi sanin abin da zai faru.

Ya yi atishawa.

Ya ce, "Alhamdulillahi."

Ba da ƙarfi ya faɗa ba. Bai ma san ya faɗa ba. Bakinsa ne ya yi abin da ya saba yi tun yana yaro. Ni ma bakina ya buɗe. Amsar ta taso, ta zo kan harshena, har na ɗauki numfashinta. Mama Chidi ta kafa mini farce a cinya, ta cikin rigar, har sai da jini ya fito. Na haɗiye.

Malam ya juyo ya kalle ni. Ban sani ba ko ya gane abin da ya yi ne, ko jira yake kamar kullum.

Dogon ya sa bakin adda ya ture hular. Ta faɗa cikin kwalaye, kusa da ƙafata.

"Malam ne! Ga malam nan!"

Haka suke ce wa kowane Musulmi, amma sunan da nake kiran sa da shi a ɗaki, shi suka kira. Hannuwa suka kama wandon, suka fizgo shi ƙasa. Kansa ya bugi ƙarfen motar. Bai kira sunana ba. Bai kalli Ummi ba. Daga baya na gane da gangan ya yi.

"Wannan fa? Matarsa ce?"

Mama Chidi ta fizge Ummi daga cinyata ta rungume, tana ihu, "Ƙanwa na ne! Yaro na ne wannan!" Oga Emeka ya fito yana roƙo, hannuwa sama. Aka zabga masa gora a fuska.

"Oga, ja motarka! Ko mu ƙone ta da ku a ciki!"

Ya ja. Ban ga laifinsa ba, kuma ban yafe masa ba, duka biyun suna nan. Na waiga. Ban ga Malam ba, bayan mutane kawai na gani, da hannuwa suna tashi suna sauka. Amma na ji shi. Kalmar shahada yake yi, da ƙarfi yanzu, tunda babu sauran abin ɓoyewa. Na ji ta sau biyu cikakkiya. Ta uku ba ta kai ƙarshe ba. Motar ta sha kwana.

Ƙarfe goma sha ɗaya Oga Emeka ya tsaya kafin rumfunan katako na Laranto. Jini na zuba daga hancinsa har kan sitiyari. Ya ce, "Daga nan ba zan iya ba, Rabi. Mutanenku za su yanka ni." Gaskiya ya faɗa. Mama Chidi ta goya mini Ummi da zanenta. Tana kuka, ni ba na yi. Na ɗauki hular na sauka.

Na bi ta bayan rumfunan. Ko'ina warin itacen da ya ƙone. Garwashi ya cinye mini silifas ƙafa ɗaya, na yar da ɗayan. Ummi ta yi kuka har muryarta ta dushe. Harbi na tashi ta hagu, ya yi shiru, ya sake tashi ta gaba. Na manta sam da irin kayan da ke jikina.

Shinge na uku namu ne. Gungume iri ɗaya, tayoyi iri ɗaya, adduna iri ɗaya. Hulunan ne kawai suka bambanta. A cikin kwata akwai wani mutum kwance rub da ciki, da jakar kayan gyaran famfo har yanzu a kafaɗarsa.

"Tsaya! Arniya ce!"

"Yi shahada!"

Na yi.

"Karanta Fatiha!"

Na karanta, tun daga Alhamdu har amin. Kalmar da ta sauko da mijina daga mota ɗazu, ita na miƙa musu kamar katin shaida, suka buɗe mini hanya. Suka yi kabbara. Wani ya yafa mini mayafi, ban san daga jikin wa ya fito ba. Wani ƙarami mai ƙasumba ya ce, "Baiwar Allah, ki gode wa Allah." Na kalle shi, na kalli addarsa da ba ta bushe ba. Na tofar da yawu a gaban ƙafarsa na wuce. Da ya sare ni a lokacin, da ban damu ba.

Na shiga Gangare ana kiran azahar. Lungunan sun cika da mutane da ƙullin kaya. Gidan Sabo babu wurin sa ƙafa. Ya gan ni ni kaɗai da goyo, ya ga hular a hannuna, bai tambaye ni komai ba. Matarsa Asabe ta kwance Ummi, ta wanke mini ƙafafu, ta ce in yi salla zuciyata za ta yi sanyi. Na yi alwala. Na hau sallaya. Na ɗaga hannu na yi kabbara, na zo kan Alhamdu, sai na ji warin taya. Na tsaya a nan kamar mai jiran mota, har Asabe ta zo ta zaunar da ni.

Da aka sassauta dokar hana fita, Sabo ya je inda aka jera gawarwaki. Ya same shi. Ya ce da farko masu wanka sun ture shi gefe, saboda wandon jins da rigar Oga Emeka, suna cewa wannan ba namu ba ne. Sai wani dattijo ya goge masa goshi ya ga tabon. Da tabon aka kashe shi, da tabon aka yarda a yi masa salla. An binne su da yawa a rami ɗaya. Ban san ta wane gefe yake ba.

Sai zaman makoki. Mata suka yi ta shigowa, kowace da maganarta a shirye. "Allah ya ji ƙansa. Allah ya yi masa rahama." Ana jira in ce amin. To me ake nufi da yarhamukallah in ba wannan ba? Ita ce dai amsar da na haɗiye a bayan mota, aka juya ta da Hausa ana kawo mini a faranti, safe da yamma. Na kasa cewa amin. Na riƙa gyaɗa kai kawai, suka ce kaɗuwa ce, za ta wuce.

Wata tsohuwa ta dafa ni ta ce, "Ke kam ki yi murna, 'yar nan. Ya cika da sunan Allah a bakinsa. Wa ya kai shi dace?" Na ce, "Iya, in dace ne, Allah ya ba ɗanki irinsa." Ta tashi ta fita, ba ta sake dawowa ba, kuma ban aika a ba ta haƙuri ba.

Sabo ya kawo wani malami ya yi mini nasiha ta bayan labule. Ya yi magana mai tsawo a kan jarrabawa. Ya ce Allah yana jarraba wanda yake so. Na ce, "Malam, mu biyu ne Musulmi a motar. Ɗaya ya gode masa, aka sassare shi a kan kwalta. Ɗaya ta yi shiru, ga ta tana shan koko. Wa ya ci jarrabawar?" Ya ce in yi istigfari. Sabo ya ce, "Rabi, ki ji tsoron Allah, bakinki zai kai ki wuta." Na ce na ga wuta, Yaya, a kan titi take, da taya ake hura ta.

Kada wanda ya karanta wannan ya ce na bar addini. Ban bari ba. Ina salla biyar, ina azumi. Ban taɓa cewa babu Shi ba. Yana nan, kuma abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Yana nan, ya ji. Iska tasa ce, hanci nasa ne. Gungumen ya riga ya matsa. Da iskar ta jira mu ƙara gaba kaɗan, da yanzu Malam na kasuwa yana rigima a kan kwandon tumatir. Mutumin da bai taɓa bari atishawa ta wuce bai gode ba, ko a cikin barci. Na yi wannan tambayar a sujada, na yi ta a tsaye, na yi ta da kuka, na yi ta da fushi. Ban ji komai ba. Yanzu na daina tambaya. Muna zaune ne kamar maƙwabtan da suka yi faɗa, ana gaisawa a bakin ƙofa, ba a shiga ɗakin juna. Ina karanta abin da aka wajabta mini, in sallame, in naɗe sallaya. Hannuna bai sake tashi roƙo ba.

Su Mama Chidi ma sun bar gidan. An ƙone shagonsu a wani zagayen na rikici, namu ne suka ƙone shi. Sun koma can ɗaya ɓangaren gari, inda ba na zuwa, ni kuma ina inda ba ta zuwa. Mun haɗu sau ɗaya a layin asibiti. Ta rungume ni, ta taɓa kan Ummi, ta ce, "Rabi, Allah yana nan. Kar ka manta." Na ce, "Na sani, Mama Chidi. Ranar ma yana wurin." Tabon farcenta yana cinyata har yanzu, guda huɗu a jere.

Ban koma bayan Farin Gada ba. An ce ɗakinmu babu rufi. Injin saƙa ya tafi, da gado, da kwanukan aurena, da rigar yaron nan mai hannu ɗaya. Uwarsa ba ta taɓa zuwa nema ba, ban san ko suna raye ba. Hular tana ƙasan akwatina. Ba ta Malam ba ce, amma ita ce abu na ƙarshe da na ga ya taɓa goshinsa.

Ummi ta girma, ta shiga Islamiyya. Ba ta san fuskarsa ba, amma ta ɗauko hancinsa. Kwanan baya aka tashi da sanyi. Ina tsakar gida ina hura gawayi, ta fito daga wanka tana rawar ɗari, ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki ta yi atishawa. Mai ƙarfi, har kajin Asabe suka watse.

Ta ce, "Alhamdulillahi."

Ta tsaya. Na ci gaba da fifita.

"Umma, Malama ta ce in mutum ya ce alhamdulillahi sai an amsa masa."

Na ce na sani.

"To ina jira."

Asabe ce ta amsa mata daga madafa. Ummi ta ɗan ƙara tsayawa tana kallona, sannan ta ɗaga labule ta shiga. Amsar tana bakina, guda ɗaya ce, tun ranar take nan. Akwai wanda ya riga ta jira.